Gangamin Marasa Lafiya da Ma'aunin Hujja: Nazarin "Aikin 'Yantarwa" ga Masu Cutar MS a Kanada, 2009–2019

Tsakure

Daga ƙarshen 2009, dubban masu fama da cutar zaizayar rigar jijiyoyin laka, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, sun haɗa kai a Kanada suna neman a yi musu wani aikin buɗe jijiyoyin jini na wuya, wanda wani likitan Italiya ya ce yana sassauta cutar. Wannan maƙala ta bi diddigin tafiyar tun daga rahoton farko har zuwa gwaje-gwajen da suka rufe maganar. Ta nuna cewa gangamin ya iya tilasta wa hukuma ta gwada aikin, amma shaidar da yake tarawa tatacciya ce tun daga tushe. Ta kuma nuna cewa sakankancewar da gangamin ya dasa a zukata ta wahalar da gwajin da shi kansa ya nema.

Gabatarwa

Idan mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya rungumi maganin da ba a tabbatar da ingancinsa ba, bayanin da aka fi saurin bayarwa shi ne na karin maganar nan, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Bayanin yana da gaskiyarsa, sai dai a kan mutum ɗaya ya tsaya. Bai ce komai ba game da abin da ke faruwa idan masu ciwon suka zama dubbai, suka san juna, suka riƙa karanta mujallun likitanci, suka kuma iya tara jama'a a ƙofar majalisa. Da an kai nan, magana ta koma kan wa ke da ikon cewa magani yana aiki: likitan da ke riƙe da alƙaluma, ko mai ciwon da ya ji sauƙi a jikinsa?

An zaɓi Kanada domin a can ne rigimar ta fi zafi, kuma a can ne aka fi rubuta ta. Nazarin ya dogara ga rahotannin gwaji da aka buga a mujallun likitanci, da sanarwar hukumomi, da rubuce-rubucen masana halayyar al'umma da suka bibiyi lamarin yana faruwa.

Cutar da kuma ra'ayin Zamboni

A cutar MS garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa rigar kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya yanke. Jean-Martin Charcot ne ya yi cikakken bayaninta a Faransa a 1868. Takan bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, ta fi kama mata, kuma Kanada tana cikin ƙasashen da ta fi yawa a duniya. Alamominta sun haɗa da dishi-dishin gani, da sagewar hannu ko ƙafa, da tangaɗi, da kasa riƙe fitsari, da wata irin gajiya da barci ba ya kawar da ita. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na masu cutar suna farawa ne da nau'in da ke tashi ya lafa: ciwo ya taso na wasu makonni, ya ja da baya da kansa, a yi watanni ko shekaru shiru. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san wannan salo, ya kuma san cewa abin da aka sha a ranar da ciwo ya fara lafawa shi ke kwashe yabon.

A 2009 magungunan da ake da su ba su da daɗin sha'ani. Allurar intaferon, wadda aka fara amincewa da ita a 1993, tana rage yawan tashin ciwon da kusan kashi ɗaya bisa uku, tana sa zazzaɓi da ciwon jiki, ga tsada. Masu nau'in da ke ta'azzara tun daga farko ba tare da lafawa ba kuwa, ba su sami maganin da hukuma ta amince da shi ba sai a 2017.

A cikin wannan hali ne Paolo Zamboni, likitan fiɗar jijiyoyin jini a Jami'ar Ferrara, wanda matarsa ke da cutar, ya fito da ra'ayinsa. Ya ce jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai zuwa zuciya, wato manyan jijiyoyin wuya biyu da wata a cikin ƙirji, sun tsuke a jikin masu MS. Jini ba ya sauka yadda ya kamata, yana komawa baya, sinadarin ƙarfe yana taruwa a ƙwaƙwalwa, daga nan kumburi ya biyo baya. Ya kira matsalar CCSVI. Tunanin ba sabo ba ne fil, domin Tracy Putnam ya taɓa danganta cutar da toshewar jijiyoyin jini a Amurka tun shekarun 1930. Abin da ya zo sabo shi ne alƙaluman. A rahotonsa na 2009, Zamboni ya yi wa masu MS 65 da wasu mutum 235 marasa cutar sikanin wuya, ya gindaya alamomi biyar, ya ce duk wanda aka samu da biyu yana da CCSVI. Sakamakon da ya bayar shi ne dukkan 65 ɗin suna da ita, kuma ko mutum ɗaya cikin 235 ba shi da ita. Ɗari bisa ɗari ta kowane ɓangare abu ne da kusan ba a gani a binciken lafiya, kuma shi ne abin da ya fara sa masana ɗaga gira.

A ƙarshen shekarar ya buga rahoto na biyu. Ya zura wa masu cutar 65 siririyar roba ta jijiyar cinya har zuwa wuya, ya hura ɗan balan-balan ya buɗa inda ya tsuke. Cikin masu nau'in tashi-lafa, waɗanda ciwonsu bai sake tashi ba sun ƙaru daga kashi 27 zuwa kashi 50. Amma babu rukunin kwatance, kowa ya san an yi masa aiki, masu shan magani sun ci gaba da shan abinsu, kuma a kusan rabin mutanen jijiyar wuyan ta sake tsukewa.

Yadda gangamin ya tashi

Ranar 21 ga Nuwamba 2009 gidan talabijin na CTV ya nuna wani shiri a kan aikin, jaridar Globe and Mail ita ma ta ɗauki labarin a makon. Sunan da ya bi bakin jama'a shi ne "aikin 'yantarwa". Roger Chafe da abokan aikinsa sun ruwaito a mujallar Nature a 2011 cewa cikin ƙasa da shekara biyu an buɗe dandali da shafuka sama da 500 a Facebook don goyon bayan aikin, masu bibiyarsu sun kai dubun dubata. Ranar 5 ga Mayu 2010 aka yi gangami a harabar majalisar tarayya a Otawa da wasu birane, da yawan mahalarta a kan keken guragu.

Da likitocin ƙwaƙwalwa da Ƙungiyar MS ta Kanada suka ce a dakata a ga hujja, sai aka fassara dakatawar da cewa kare kasuwar kamfanonin magani suke yi. Zargin ya sami gindin zama ne saboda yana da ƙwayar gaskiya a ciki: magungunan MS kasuwa ce ta biliyoyin daloli, kuma likitoci da dama suna karɓar kuɗin bincike daga kamfanonin. Abin da masu zargin ba su cika kallo ba shi ne, asibitocin da ke yin aikin a Folan da Balgeriya da Indiya da Meziko da Kosta Rika su ma kasuwa suke ci. Tafiya ɗaya takan lashe dubban daloli, wasu sai da 'yan'uwa da maƙwabta suka yi musu karo-karo.

'Yan siyasa ba su jira ba. A tsakiyar 2010 Firimiyan Saskatchewan, Brad Wall, ya ce lardinsa zai biya kuɗin gwaji, daga baya ya ware dala miliyan 5. Lardin New Brunswick ya kafa asusun dala 500,000 don tallafa wa masu fita waje. Ƙungiyoyin MS na Kanada da Amurka sun haɗa dala miliyan 2.4 a watan Yunin 2010 don bincike bakwai. A watan Agusta kwamitin masana na hukumar binciken lafiya ta tarayya ya ba da shawarar kada a fara gwajin aikin tukuna, Ministar Lafiya Leona Aglukkaq ta amince. Ba a cika shekara ba, a ƙarshen Yunin 2011, ita ce kuma ta sanar da cewa gwamnati za ta ɗauki nauyin gwaji. A tsakanin sanarwar biyu hujjar kimiyya ba ta yi wani ƙarfin a zo a gani ba. Matsin lamba ne ya ƙaru.

Shaidar jiki da yadda ake tace ta

Makamin gangamin mafi kaifi shi ne bidiyon "kafin aiki da bayan aiki", wanda Fadhila Mazanderani da abokan aikinta suka nazarta a YouTube a 2013. Tsarinsa kusan ɗaya ne. A kashi na farko mai ciwon yana tafiya a barandar gida yana dafa bango, yana jan ƙafa, an ce ya tsaya da ƙafa ɗaya ya kasa. A kashi na biyu, kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, sau da yawa a ɗakin otal, ga shi yana takawa ba sanda, yana ɗaga ƙafa, yana cewa tafin hannunsa ya yi ɗumi, hazon da ke kansa ya washe. Wanda ya kalli irin wannan ashirin a dare ɗaya, da wuya jadawalin alƙaluma ya sauya masa ra'ayi.

Babu dalilin cewa mutanen nan ƙarya suke yi. Sun ji sauƙin da suka ce sun ji. Matsalar tana ga hanyar da labari ke bi kafin ya iso ga mai kallo, domin akwai matatu a kan hanyar. Ta farko ita ce lokaci. Mutum ba ya sayar da kadara ya hau jirgi a watan da jikinsa ya yi daɗi, yana tafiya ne sa'ad da abin ya yi tsanani, kuma a cutar da ke tashi ta lafa, bayan tsanani sauƙi ya fi yiwuwa ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ta biyu ita ce irin alamomin da ake cewa sun gyaru. Gajiya, da hazon tunani, da sanyin hannu, duk abubuwa ne da mai ciwon kaɗai ke iya aunawa, kuma su ne tsammani ya fi taɓawa. An daɗe da sanin cewa aikin da aka shiga ɗakin tiyata aka yi yana haifar da tsammani fiye da ƙwayar magani.

Matata ta uku ce ta fi shafar batun wannan maƙala, domin gangamin da kansa ne ya saƙa ta. Ɗauki misalin matar da unguwa ta yi wa karo-karo, aka raka ta filin jirgi, ta dawo ta sa bidiyonta, mutum dubu suka taya ta murna. Bayan wata huɗu ƙafar ta koma yadda take. Wa za ta gaya wa? Idan ta yi shiru, bidiyon farko yana nan yana aiki a madadinta. Idan ta faɗa, akwai amsa a shirye: jijiyar ce ta sake tsukewa, sai a koma a sake buɗawa, ko a sa ɗan bututun raga na ƙarfe ya riƙe ta. Ta haka sauƙi ya zama hujjar cewa ra'ayin daidai ne, komawar ciwo ma ta zama hujjar cewa daidai ne. Ra'ayin da ba a bar wata ƙofar da zai iya faɗuwa ta cikinta ba, ya fita daga hannun gwaji, komai yawan masu shaida.

Ya kamata a yi wa mahalartan adalci a nan. Hirarrakin da Jeremy Snyder da abokan aikinsa suka buga a 2014 sun nuna cewa masu fita waje ba a makance suka tafi ba. Sun auna abin da zama haka nan zai jawo musu, sun ga likitocinsu ba su da wani abin bayarwa, wasu kuma sun ji an yi musu kallon raini da suka kawo maganar. Amanar da suka cire daga asibiti sai suka ɗora ta a kan 'yan'uwansu masu ciwo. A cikin dandalin sun sami wanda zai saurare su da tsakar dare, da wanda zai bayyana musu takardar sikanin, abin da ganawar minti goma sha biyar da likita ba ta bayarwa.

Haɗarin kuwa bai jira gwaji ba. A Jami'ar Stanford an dakatar da aikin a ƙarshen 2009, bayan mutum ɗaya ya rasu da zubar jini a ƙwaƙwalwa yana kan maganin tsinka jini, wani kuma bututun ƙarfen ya zame ya faɗa zuciyarsa sai da aka buɗe ƙirji aka ciro. A watan Oktoban 2010 wani ɗan lardin Ontario ya rasu a Kosta Rika sakamakon matsalar da ta biyo bayan aikin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a watan Mayun 2012. Zamboni da kansa ya hana sa bututun ƙarfe, ya ce kada kowa ya bar maganinsa, ya kuma ce a yi aikin a cikin gwaji kawai. A wannan gaɓa tafiyar ta riga ta wuce shi.

Abin da awo da gwaji suka nuna

Tambayar farko ita ce ko tsukewar ma ta keɓanta da masu MS. A Balin, Florian Doepp ya auna masu cutar 56 a 2010, bai sami ko ɗaya da ya cika sharuɗɗan ba. A Buffalo ta Amurka, Robert Zivadinov ya auna mutum 499, ya sami alamomin a kashi 56 na masu MS, amma kuma a kashi 42 na masu wasu cututtukan ƙwaƙwalwa da kusan kashi 23 na lafiyayyu. Binciken CoSMo na Italiya, mai mutum sama da 1,700, wanda aka ɓoye wa masu karanta hoton ko na wane ne, ya sami kusan kashi 3 a masu MS da kusan kashi 2 a lafiyayyu. Wannan tazara, daga sifili zuwa ɗari bisa ɗari, tana nuna cewa awon ya dogara ga hannun mai riƙe da na'ura. Jijiyar wuya laushi gare ta, danna na'urar kaɗan ko juya kai yana iya matse ta.

A 2013 Anthony Traboulsee ya buga a mujallar Lancet sakamakon awo da robar da ake zurawa cikin jijiya, a kan masu MS 79, da 'yan'uwansu na jini 55, da bare 43. Tsukewar da ta wuce rabin faɗin jijiya ta bayyana a kashi 74 na masu cutar, da kashi 66 na 'yan'uwansu, da kashi 70 na baren. Ashe abin da ake nuna wa mai ciwo a allo a ce ga sanadin wahalarka, yawancin mutane da shi suke yawo lafiya lau.

Saura tambayar ko buɗawar tana amfani. Hanyar amsa ta ita ce aikin bogi: a kwantar da kowa, a ba shi maganin sa maye, a zura robar har wuya, amma ƙuri'a ce za ta yanke wa za a hura wa balan-balan, kuma mai ciwon da likitan da zai auna shi daga baya ba su san sakamakon ƙuri'ar ba. Ƙaramin gwajin Buffalo mai mutum 19 bai ga amfani ba, har ma ya ga alamar ƙaruwar ciwo a waɗanda aka yi wa aikin gaske. Gwajin Kanada, mai mutum 104 a cibiyoyi huɗu, wanda ya ci kusan dala miliyan 5.4, ya bayyana sakamakonsa a 2017. A rukunin biyu duka an sami masu cewa sun ji sauƙi, kuma har mako na 48 babu bambanci tsakaninsu. A ƙarshen shekarar Zamboni ya buga nasa gwajin mai mutum 115 a mujallar JAMA Neurology, ya rubuta cewa aikin ba shi da tasiri kuma ba a ba da shawarar yin sa. Ba kowane mai bincike ne ke sa hannu a takardar da ta rushe ra'ayinsa ba, wannan kam a yaba masa.

Tattaunawa

Ana yawan kwatanta wannan gangami da na ACT UP, ƙungiyar masu cutar ƙanjamau da aka kafa a Niyu Yok a 1987, wadda Steven Epstein ya nazarta a littafinsa na 1996. Kamannin na sama-sama ne. Waɗancan sun matsa a gaggauta gwaji, suka koyi yadda ake tsara shi, suka sami kujera a kwamitocin da ke tsarawa. Wanda ya fi kama da lamarin CCSVI shi ne dashen ɓargo da aka riƙa yi wa masu kansar mama a Amurka a shekarun 1990. Matsin marasa lafiya da hukuncin kotuna sun sa kamfanonin inshora biya, aka yi wa mata sama da 30,000, kafin sakamakon 1999 ya nuna bai fi maganin da aka saba ba. Gwaje-gwajen sun yi jinkiri ne saboda matar da ta riga ta gaskata aikin ba za ta yarda ƙuri'a ta hana ta shi ba.

Alamar wannan ta bayyana a nan ma. Saskatchewan ta ware dala miliyan 2.2 don tura mutanenta wani gwaji a Albany ta Amurka, aka soke shi a 2013 saboda ba a sami isassun mahalarta ba. Gwajin Zamboni an tsara shi da mutum sama da 400, ya ƙare da ƙasa da sulusin haka. Akwai dalilai fiye da ɗaya, har da sanyin gwiwar da rahotannin baya-bayan nan suka jawo, amma a fahimtar mai wannan nazari, wanda ya sakankance kuma yana da kuɗin jirgi ba shi da dalilin karɓar ƙuri'a.

Shawarar kwamitin 2010 daidai take bisa ƙa'idar kimiyya, domin ba a yi wa mutane aiki a kan matsalar da ba a tabbatar akwai ta ba. Amma ƙa'idar an gina ta ne a kan zaton cewa idan hukuma ta ce a jira, za a jira. Mutane suna ta tafiya, wasu suna dawowa da gudan jini a wuya, suna kukan ba su sami likitan da zai duba su a gida ba. Da hali ya kai haka, ƙaramin gwaji mai aikin bogi tun a 2010 ya fi sauƙin karewa a ɗabi'ance fiye da shekara guda ta jayayya, ko da kuɗin da zai ci an raba shi da wani binciken da ya fi alamar nasara. Daryl Pullman da abokan aikinsa sun yi gargaɗi a 2013 game da barin siyasa ta zaɓa wa kimiyya abin da za ta bincika, kuma gargaɗin yana da nauyi, musamman ga cututtukan da masu su ba su da ƙarfin tara jama'a a Otawa.

Bayan gwajinsa, Zamboni ya sake tace bayanan, ya ce akwai wani rukuni mai wata irin tsukewa da ƙila ya amfana. Irin wannan tacewar bayan an ga sakamako tana iya zama mafarin sabuwar tambaya, amma ba ta isa hujjar yi wa kowa aiki ba. Bitar da ƙungiyar tace hujjojin likitanci ta Cochrane ta yi a 2019 ta haɗa gwaje-gwajen nan uku masu aikin bogi, mutum 238, ta ce aikin ba ya rage naƙasa ko tashin ciwo, kuma ba ta ga buƙatar a sake wani gwaji ba.